Biki aka gayyace ka, wane lens zaka ɗaura wa kyamararka?

Ƙanina ne ya kira ni daga Marwa satin da ya wuce, wai abokinsa zai angwance bayan sallah, shi kuma yana da wata Nikon D3200 da ya saya na hannu, toh wane lens zai nema ya je da shi. Kafin ma in buɗe baki har ya fara min kwatance, wai irin dogon nan da muka ga 'yan jarida suna fama da shi a bakin fili a Rumde Ajiya lokacin gasar cin kofin Afirka, CAN, a 2022, wanda sai an kafa masa ƙafa yake tsayuwa. Nace malam dakata, ƙwallo zaka ɗauka ko ango? Sai na masa tambaya ɗaya, nace ranar bikin nan a ina zaka tsaya. Yayi shiru, can yace shi wallahi bai yi wannan tunanin ba. Toh ai nan gizo ke saƙar, shi yasa nace bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, dan kusan duk wanda ya mallaki kyamara a cikin abokaina ya taɓa min irin wannan tambayar.

Kai fa gayyatarka akayi. Akwai waɗanda aka biya, fotograf da mai bidiyo, su ne zasu tsaya gaban liman da waliyyai, su ne masu cewa ango ɗan juyo, amarya ɗago kai kaɗan. Kai wurinka cikin jama'a yake, kan tabarma ko kujerar roba a ƙarƙashin rumfa, wannan yana miƙo maka goro da dabino wancan yana jan hannunka ku gaisa, ga shadda a jikinka ta sha sitaci wacce ka yi wata guda kana bin tela a kanta. Amma kana da abinda fotograf ɗin bashi da shi, mutanen nan sun sanka, basa ɗaure fuska su ƙame kamar hoton kati in sun ganka, kakarka zata yi dariyarta ta gaske har wawulonta ya fito, in kuma 'yar uwa ce ke mai karatun nan toh ke har ƙuryar ɗakin da ake wa amarya lalle zaki shiga, inda ba namijin da ya isa ya leƙa. Kusancin nan shine jarinka, saboda haka lens na kusa kake nema, ƙarami mara nauyi, wanda yake shan haske da yawa.

Bari mu warware lambobin da ke jikinsa tukuna, guda biyu ne kacal masu muhimmanci. Ta farko mai mm, kamar 18, 35, 50, 200. In lambar ƙarama ce lens ɗin yana kwaso fili da faɗi, in babba ce yana jawo abu na nesa amma ya matse gefe da gefe. Ta biyu mai f, kamar f/1.8 ko f/5.6, ita ce girman ƙofar da haske ke shiga, kuma a juye take, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Lens ɗin da yake zuwa da yawancin kyamarorinmu, 18-55mm ɗinnan, in ka duba zaka ga an rubuta f/3.5-5.6, ma'ana in yana 18 ƙofarsa 3.5 ce, da zarar ka murɗa shi zuwa 55 ta tsuke ta koma 5.6. Tsakanin f/5.6 da f/1.8 kuwa hasken da ke shiga ya kusa ninki goma. Ninki goma fa. Shi yasa zaka ga mutum biyu da kyamara iri ɗaya a ɗaki ɗaya, na wannan ya fito tas, na wancan amarya ta zama kamar aljana ta gilma.

Akwai kuma wani abu da masu sayarwa basa faɗa maka, ko dai su ma basu sani ba. Yawancin kyamarorin da ke yawo a hannunmu nan arewa, Canon 600D, 700D, 1300D, 2000D, Nikon D3100 har zuwa D3500, D5100 zuwa D5600, Sony a6000, duk masu ƙaramar sensa ne, sensa kuwa ita ce ɗan farantin da ke cikin kyamara wanda hoto ke sauka a kai. A kan irinsu lambar mm sai ka ninka ta kafin ka gane ainihin abinda zaka gani, Canon sau 1.6, Nikon da Sony da Fuji sau 1.5. Kenan 50mm a kan Canon 600D yana gani ne kamar 80mm, a kan Nikon kamar 75mm. Mutumin da ka gani a YouTube yana yabon 50mm yana cewa daidai yake da idon mutum, mai yiwuwa babbar sensa ce a hannunsa, irin 5D ko 6D ko D750, kai kuma ka ruga ka saya ka ɗaura a 600D.

Ni na yi wannan kuskuren, kuma a bikin ƙanwata ma na yi shi, nan Yelwa a Garwa. Sabon sayen 50mm f/1.8 na kenan, ina ji da shi kamar ƙwai, na bar 18-55 a gida dan a ganina na wuce ajinsa. Da rana a ƙofar gida ya min aiki ba laifi, na ɗauki baffanmu yana shafa fatiha, fuskar ta fito bayansa ya narke, har yau hoton na bangon falonsa. Da yamma sai goggo ta aiko a kira ni, wai in zo in ɗauki amarya da ƙawayenta kafin a fita da ita tunda ni yayanta ne. Na shiga ɗakin, ɗan ɗaki ne da bai wuce mita uku da wani abu ba, ga gado ga akwatuna ga 'yan mata sun fi goma duk sun sha anko. Na ja baya, na ƙara ja, har bayana ya daki drowa kwanuka suka yi ƙara, na leƙa cikin kyamara mutum biyu da rabin ta uku nake gani. Daga baya na zauna nayi lissafi, 50mm a kan Canon mai ƙaramar sensa in kana nesa da mita 3, faɗin abinda yake kamawa wajen mita 1.3 ne kawai. In mutum goma suka jeru suka ci mita 5, sai ka ja baya wajen mita 11 kafin su shiga duka. Wane gida ne a kartiyenmu ke da ɗaki mai mita 11? Ƙarshe da wayar wata ƙawar amarya aka ɗauki hoton, ni da kyamarata a wuya ina tsaye kamar dogari, goggo tana cewa "kai ɗan nan ashe abin naka duk girman kai ne."

Tun daga ranar na gane lens ɗin baƙo shine wanda in aka ninka ya faɗa tsakanin 35 da 50 ko kusa da haka. Toh ga yadda zaka same shi gwargwadon kyamarar da ke hannunka.

In Nikon ce mai ƙaramar sensa kamar ta ƙanina, kar ka wahalar da kanka, nemi AF-S DX 35mm f/1.8G. Tun 2009 ya fito, nauyinsa wajen giram 200, a kan kyamarar yana gani kamar 52mm, daga mita 3 yana kama faɗin mita 2, wato mutum huɗu in sun matsu. Yana cikin mafi araha a lens ɗin Nikon kuma yana da kaifi. Amma ka buɗe ido da kyau wajen haruffan, dan jerin D3000 da D5000 basu da injin fokas a jikinsu, sai lens ya zo da nasa. In aka miƙo maka tsohon 50mm f/1.8D da araha, zai ɗauru ƙalau, hoto ma zai ɗauka, amma fokas da hannu zaka riƙa murɗawa, kuma ina tabbatar maka kafin ka saita ango ya gama murmushin ya shiga mota. Mai AF-S kake so. Su kuma sababbin masu AF-P basa aiki da tsofaffi irin D3100, D3200 da D5100, kar wani ya ce maka ai duk Nikon ne.

Mu 'yan Canon abin namu ya ɗan fi rikici, dan kamfanin bai yi mana 35mm f/1.8 mai araha ba a waɗannan kyamarorin masu madubi. Abinda ni nake amfani da shi yanzu shine EF-S 24mm f/2.8 STM, ɗan fale-fale kamar waina, giram 125, in ka ɗaura shi kyamarar ma sai ta shige aljihun babbar riga. Yana gani kamar 38mm, daga mita 3 yana kama kusan mita 2.8, da ace da shi na shiga ɗakin nan da goggo bata min gori ba. Aibinsa ɗaya, f/2.8 ce, bai kai 1.8 shan haske ba, amma duk da haka ya ninka 18-55 a kan 5.6 sau huɗu. Wanda aljihunsa ya ɗan fi nauyi ya nemi Sigma 30mm f/1.4, wannan yana gani kamar 48mm kuma duhu baya bashi tsoro. Shi 50mm f/1.8 STM ɗin ban ce ka jefar ba, yana da kyau sosai wajen ɗaukar fuska mutum ɗaya ko ango da amarya su biyu a tsakar gida, nauyinsa giram 160 ne, sai ya zama na biyu a aljihu. Na biyu nace. Ka kuma lura da alamar da ke gindin lens, jan ɗigo EF ne yana hawa kowace Canon mai madubi, farin murabba'i EF-S ne baya hawa 5D da 6D.

Masu Sony a6000 da ƙannenta akwai E 35mm f/1.8 OSS da Sigma 30mm f/1.4 na bakin Sony, masu Fuji akwai 23mm f/2 da 35mm f/2. In kuma Allah ya hore maka babbar sensa ba sai na ja maka magana ba, 35mm ko 50mm f/1.8, lambar da ka gani ita ce, babu ninki.

Na san wani zai ce toh ai waɗannan duk basa zum, ƙafa zan riƙa ja gaba da baya cikin cunkoso? Gaskiya ne, kuma akwai biki da cunkoson yake hana ka ko motsa gwiwa, musamman ɗaurin aure bayan Juma'a da ake haɗa aure uku huɗu a masallaci ɗaya. In kai mai son zum ne, maganinka 17-50mm f/2.8, Sigma sun yi Tamron ma sun yi, ƙofarsa bata tsukewa, 2.8 take daga farko har ƙarshe. Ya fi waɗancan nauyi da girma amma ba har ya gundure ka ba, kuma da shi kaɗai zaka gama biki daga kamu har kai amarya. Akwai Sigma 18-35mm f/1.8 da samari ke mutuwa a kai, kaifinsa ba magana, sai dai ya haura giram 800, ka rataya wannan a wuya cikin zafin Afrilu na Garwa da rana ke haura digiri 40, kafin la'asar kai da kanka zaka nemi inda zaka ajiye shi.

Kafin ka kashe ko sefa ɗaya ma ga gwajin da ba kuɗi. Ɗauko 18-55 ɗinka, ka murɗa shi zuwa 24, ka manna masa salatif kar ya motsa, ka yini kana ɗaukar mutanen gidanku a haka, a ɗaki, a zaure, a tsakar gida lokacin cin abinci. Gobe ka mayar da shi 35, jibi 50. Zuwa kwana na uku ba sai kowa ya baka shawara ba, zaka ji wanne ne ke matse ka wanne ne ya zauna maka. Ɗakunan gidan bikin ba zasu wuce girman na gidanku da wani abin kirki ba.

Kuma kar ka raina 18-55 ɗin nan gaba ɗaya kamar yadda nayi. In ɗaurin aure kawai zaka je, da safe ko da rana a waje, haske ya wadata, shi kaɗai ya ishe ka, ga 18 ɗin da zai kwaso maka taron duka har da masu algaita da ganga a gefe. Wani abin ma, cikin tsakar ranar nan tamu f/1.8 bata da amfani, dan in ka buɗe ta duka a ISO 100 (ISO shine ƙarfin jin haske na sensa) kyamara na buƙatar ƙiftawa, wato buɗewa da rufewarta lokacin ɗaukar hoto, mai saurin wajen 1/8000 na daƙiƙa, su kuma ƙananan kyamarorin nan iyakarsu 1/4000, sai farar shadda ta ƙone ta koma farin fili ba aiki ba zare, mutum ya kashe kuɗi a gezna da ɗinkin hannu ka mayar masa da ita kamar likkafani, Allah ya kiyaye. Da rana tsuke ƙofar zuwa f/4 ko f/5.6, ka sa hular lens ɗin in kana da ita, ka ja mutane inuwar dalbejiya ko bakin zaure. Ƙarƙashin rumfar haya mai ja ko shuɗi kuwa ka sani launin tampol ɗin zai sauka a fuskar kowa, wannan ba laifin lens bane, matsa da su bakin rumfar kawai.

Inda lens mai haske ke cin kuɗinsa shine daga magariba. Ɗakin amarya da kwan lantarki ɗaya a sama, ga hayaƙin turaren wuta ya turnuƙe, musamman in dangin amarya daga Kuseri ko Njamena suke, su kam basa wasa da turare, mata sun naɗo laffaya kala-kala wuri yayi kyau a ido amma kyamara tana kuka. Ko wajen suware da aka ɗauke wuta aka tayar da gurup, fitila na yin sama da ƙasa. A nan zaka buɗe f/1.8 ko f/2, ka ɗaga ISO zuwa 1600, a tsofaffin nan ni bana son wuce 3200 dan hoton sai ya fara yashi-yashi. Amma ka riƙe wannan, in ka buɗe ƙofa duka, wurin da ke fita da kaifi siriri ne ƙwarai. Da 50mm a f/1.8 daga mita 2, a ƙaramar sensa, kaurinsa wajen santimita 11 ne, kamar tsawon tafin hannunka kenan. Ka saita a idon amarya, ƙawarta da ke bayan kafaɗarta ta dushe. Da 35mm ya ɗan fi, ya haura santimita 20. Don haka mutum ɗaya buɗe duka, mutum biyu sa su daidaita kafaɗa ka koma 2.8, in layi biyu ne na gaba a zaune na baya a tsaye toh sai 4 ko 5.6, in hasken bai kai ba ku fito waje ko ku jira mai bidiyo ya kunna fitilarsa. Wannan ma dabara ce da na daɗe ina yi, mai bidiyo yana yawo da fitila mai ƙarfi, ka tsaya gefensa, ba gabansa ba, ka ci arzikin haskensa kyauta, kuma hasken da ya zo daga gefe yafi kyau a fuska akan na gaba-da-gaba.

Sai maganar IS da VR da OSS da ake rubutawa a jiki, Sigma kuma OS, Tamron VC, duk abu ɗaya ne, yana rage rawar hannunka. Masu shago suna son nuna maka shi kamar maganin komai. Rawar hannunka kawai yake gyarawa, baya tsayar da wanda ke motsi. In abokan ango sun shiga fili ana liƙi ana juyi, ko VR goma ne a jiki in ƙiftawarka 1/30 ce inuwa zaka ɗauka. Mutum na tsaye yana hira kana son aƙalla 1/125, masu rawa 1/250 ko sama, kuma ba abinda zai baka wannan saurin cikin dare sai babbar ƙofa ko filasha. Wani lokacin kuma zaka ga hoto ɗaya yayi haske na bayansa yayi duhu ko kore-kore alhali baka taɓa komai ba, kar ka zargi lens, kwan fitilar ne ke ƙyaftawa da wutar, tamu nan Kamaru da Cadi mai 50 ce a daƙiƙa, sai ka gwada 1/100 ko 1/50 ka gani, yawanci yana daidaita, ka haƙura da ɗaukar masu tsalle a wannan wurin.

Yanzu mu dawo kan dogon lens ɗin da ƙanina ke mafarki. Na taɓa aron 70-200mm f/2.8 wajen wani abokina na je da shi biki a Ngaundare, kusan kilo ɗaya da rabi shi kaɗai banda kyamara. Tun daga bakin ƙofa aka ɗauka ni ne fotograf. Wannan hajiya ta kira ni in ɗauke ta da jikokinta, waccan tace ita ma, wani dattijo ya ce yaro zo nan ka ɗauki mutanen Tibati kafin su tafi, kuma duk wanda ya kira ni sai in yi ta ja da baya ina taka ƙafafun mutane dan lens ɗin baya ɗaukar na kusa. Har aka gama rabon abinci ban zauna ba, ko kofin folere ban samu ba. Shi fotograf na gaskiya yana ta harara ta, kuma yana da gaskiya, dan duk sanda ya jera mutane sai rabinsu su kalli tawa kyamarar tunda ta fi girma, hotonsa ya fito ido a warwatse, abincinsa nake taɓawa ban sani ba. Abinda ya fi damuna shine wani bawan Allah da ya zo ya dafa kafaɗata a hankali yace "ɗan'uwa, wancan ɓangaren iyalanmu ne." Wallahi ni yara nake ɗauka suna wawar alawa, amma daga inda yake tsaye abinda ya gani shine namiji ya saita bututu yana fuskantar rumfar mata daga nesa. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Da ƙaramin lens dole ka matso, wanda zaka ɗauka ya ganka, in baya so ya ɗaga hannu ko ta ja mayafi, magana ta ƙare ba rigima. Hoton matar mutum kuma ko da izini ka ɗauka, kar ya hau status ɗin WhatsApp sai ka tambaya, tura mata abinta ita ta san inda zata kai.

In dai lallai kana son ɗan jawo nesa, misali lokacin da ake ɗaura aure kana can baya baka iya kutsawa, ko in akwai hawan dawaki, ɗan 55-250mm IS na Canon ko 55-200mm VR na Nikon ya isa, basu da nauyi, da rana suna aiki lafiya, rana na faɗuwa ka mayar da su jaka. Shi 75-300mm na Canon da ake yawan haɗa wa mutane da kyamara, bashi da IS, a 300 in hannunka ya ɗan girgiza shikenan, ni dai ban taɓa jin daɗinsa ba.

Wajen saye, yawancinmu na hannu muke saye, okaziyon, wani daga Duwala ko Yawunde a sako a ajans, wani ta Mubi ko Yola, wani a bada sautu wajen masu zuwa Dubai. Je da kyamararka, kar ka yarda da "ai zai hau". Cire murfi gaba da baya, kunna tocin wayarka ka haska ta ciki ka kalla ta ɗaya gefen. 'Yar ƙura ɗigo-ɗigo ba komai bace, kusan kowane lens na da ita kuma bata fitowa a hoto. Abinda zaka gudu shine wani abu kamar saƙar gizo-gizo ko hazo a jikin gilashin ciki, wannan fumfuna ce, tana kama kayan da suka daɗe a wuri mai laima irin Duwala, kuma tana yaɗuwa. Ɗaura shi, saita abu na kusa sannan na nesa sau biyar shida ka ji ko fokas na kamawa ba tare da ya yi ta kai-komo ba, ɗauki hoto a buɗe duka sannan a f/8 ka tabbata ƙofar na tsukewa, ka zuƙo hoton a allo ka duba gefe da gefe ko wani ɓangare ya fi wani dushewa, alamar ya taɓa faɗuwa kenan. In zum ne murɗa shi a hankali, in kaji ƙaras-ƙaras yashi ya shiga. Akwai Yongnuo 50mm f/1.8 da 35mm f/2 masu arha, in kuɗin kenan ba laifi a fara da su, sai dai fokas ɗinsu na da ƙara kuma cikin duhu yana laluɓe, in ana addu'a wuri yayi tsit kowa zai ji ka. Kuma kar ka karɓi lens ranar Alhamis biki Asabar, ba shi ko sati ɗaya a hannunka ku saba.

Ƙura kuma, mu da muke nan ba sai an faɗa mana ba. Bikin da ya faɗo cikin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, ga buji ga motoci da kilando suna tada ƙasa wajen rakiyar amarya, duk sanda ka cire lens a waje sai sensa ta sha, gobe kaga ɗigo-ɗigo baƙi a sararin sama a kowane hoto. Wannan ma wani dalili ne da yasa nake cewa ɗaya ka ɗaura tun daga gida ka barshi. In ya zama dole ka canza, kashe kyamarar, shiga mota ko ɗaki, kifa bakinta ƙasa, ka riga ka kwance murfin wancan kafin ka cire wannan. Ni har cikin babbar riga na taɓa yi, na zura hannu biyu ciki kamar mai ƙirga kuɗi a ɓoye. Sa filta mara launi a gaba saboda yatsun yara masu maiƙon soya, dan sai sun taɓa, kuma kar ka goge gilashi da bakin shadda, sitacin da ƙurar tare suke karce shi, hura iska tukuna sannan ƙyalle mai laushi irin na tabarau.

Ƙanin nawa dai a ƙarshe 35mm f/1.8G ya samu wajen wani a Domayo, na sa shi ya haska toci ya turo min bidiyo ta WhatsApp, gilashin tas. Nace ya jefa 18-55 a aljihun moto saboda hoton abokan ango in sun taru da yawa, ya cika batir biyu tun daren Juma'a dan ba'a san halin wuta ba, ya share kati. Jiya ya turo min hoton gwaji da ya ɗauki innarmu tana tankaɗe a tsakar gida bayan magariba da hasken kwan ƙofar kicin kawai, ya fito har zanen zaninta ana gani, saura ya koyi daina yanke wa mutane ƙafa.